Yadda Ake Kankare Gansakuka a Tankin Kifin Ado Ba Tare da An Karce Gilashi Ba

Duk wanda ya ajiye kifin ado a tankin gilashi, ba da jimawa ba zai yi ido biyu da gansakuka. Inda ruwa da haske da kashin kifi suka haɗu sai ta tsiro, ko da mutum ya fi kowa tsabta. 'Yar kaɗan ba ta yi wa kifi komai, wasu kifayen ma abincinsu ce. Laifinta dai tana tare maka ganin abin da ka ajiye tankin dominsa.

Kawar da ita ba wuya. Ko ta rufe bango ruf, gogewar kanta rabin awa ya ishe ta. Inda sabon shiga ke jin jiki shi ne bayan ya gama, ya ja da baya yana kallo, fitila ta haska, sai ya hangi wani dogon farin layi ya ratsa gaban gilashin daga ƙasa har sama. Gansakuka tana tafiya ta dawo, shi kuwa karce in ya shiga ya zauna ke nan, har ya zama maɓoyar gansakukar gaba, inda soso ba ya kaiwa. Don haka an jera matakan nan ne yadda ba za a rasa ido garin gyaran gira ba.

Abin da ke karce gilashi

Wani masanin ma'adinai Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara ma'aunin taurin abubuwa a 1812, daga 1 zuwa 10, kuma abin da ya fi tauri shi ke karce wanda bai kai shi ba. A ma'aunin, farcen mutum yana wajen 2.5, gilashi wajen 5.5, daimon 10. Ƙarfen reza da gilashi kusan kunnen doki suke, shi ya sa sabuwar reza in an kwantar da ita daidai take zamewa a kan gilashi ba ta bar tabo ba. Yashi da tsakuwar da ake shimfiɗawa a ƙasan tanki kuwa, yawancinsu na ɗauke da ma'adinin kwaz, wanda yake kan 7. Ke nan ƙwayar yashi guda, wadda da ƙyar ido ke ganinta, in ta maƙale tsakanin soso da bango, ta fi reza haɗari nesa ba kusa ba. Mafi yawan karcen da nake gani a tankunan mutane aikinta ne. Ka riƙe wannan, domin rabin aikin nan duk nesanta yashi da gilashi ne.

Gilashi ne ko akirilik?

Kafin ka ɗauki ko soso, ka san da me aka yi tankinka. Akwai na gilashin gaske, akwai kuma na akirilik, wata roba garau da ido ba ya bambanta ta da gilashi daga nesa. Taurin akirilik yana wajen 3, don haka abin da gilashi zai shanye, shi sai ya bar masa zane.

Duba kusurwoyi. Tankin gilashi da gam ɗin silikon ake haɗa shi, za ka ga ɗaurin silikon mai laushi, fari ko baƙi, ya bi kowace kusurwa. Na akirilik narkar da gefunan ake yi su manne, ba silikon. Gefen gilashi in ka leƙa ta kaifinsa yakan yi kore-kore, yana da sanyi a hannu da nauyi. Akirilik ba shi da nauyi sosai, kuma ba ya sanyi haka. In ka duba duk wannan har yanzu kana kokwanto, ɗauka akirilik ne, ka bar reza a ajiye.

Kayan aiki

Soso mai laushi, sabo, wanda ba za a yi wani aiki da shi ba sai na tanki. Ana sayar da na musamman, akwai na gilashi akwai na akirilik, sai ka karanta jikin ledar. In babu, yanki guda na farar audugar filta, wato na'urar tace ruwan tanki, yana yin aikin, har ma na fi son ta saboda da ta yi datti yar da ita ake yi.

Tsohon katin ATM ko wani katin roba mai santsin baki. Shi ne makankarin da ya dace da kowane irin tanki.

Sabuwar reza mai baki ɗaya, ko makankari mai dogon hannu da ake sa wa reza. Wannan na gilashi ne kawai. In da hali a samu wadda ba ta tsatsa. Sabbin rezoji sukan zo da ɗan maiƙo a jikinsu, sai a ɗauraye da ruwan zafi a goge tukuna.

Magogin maganaɗisu, in akwai. Gida biyu ne, ɗaya a ciki ɗaya a waje, suna jan juna ta cikin gilashi. Ba dole ba ne.

Sabon buroshin haƙori mai laushin baki. Siririyar mesa ta zuƙe ruwa. Bokiti biyu waɗanda sabulu bai taɓa shiga ba. Maganin kashe kulorin na ruwan famfo. Farin ruwan khal, tsumma mai laushi guda biyu, tawul na shimfiɗawa a ƙasa, safar hannu, da tocila.

Akwai kuma farin soson nan na melamin da ake goge tabo da shi. Yana ɗauke gansakuka mai laushi tas, amma da sharaɗi: a tabbata zallansa ne, ba wanda aka jiƙa da sabulu ko ƙamshi tun daga kamfani ba. Yana marmashewa in an danna, don haka a tsince gutsattsarin daga ruwa. A akirilik, fara gwada shi a wani lungu na baya.

Abubuwan da ba sa kusantar tanki ko da wasa: soson ƙarfe, wuƙa, sabulu, omo, da ruwan fesawa na goge tagogi, wanda da yawansa na ɗauke da amoniya. Sai soson wanke tukunya mai koren gefe mai kaushi. Wannan shi ne tarkon da ya fi kama sabon shiga, domin a ido roba ce kawai, amma da yawa daga cikinsu an manna musu garin ma'adini irin wanda ake yin sanfefa da shi, mai taurin 9. Shafa biyu ko uku sun isa su bar wa gilashi hazon da ba ya gogewa. Ga shi kuma wasu sosunan kicin ana zuba musu maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda guba ne ga kifi.

Mataki na 1: Gane irin gansakukar

Haska tocila daga gefe, ka shafa wurin da yatsa daga ciki. Abin da yatsanka ya ji shi zai gaya maka kayan da za ka ɗauka.

In mai launin ruwan ƙasa ce mai laushi, tana gogewa da shafa ɗaya, wannan ita ce mai damun sabon tanki a watannin farko, kuma takan ragu da kanta in tankin ya kwana biyu. Soso ya ishe ta. In koriya ce mai laushi da ta lulluɓe bango gaba ɗaya, ita ma soso. In ɗigo-ɗigo ne kore shar, zagaye, masu tauri, yatsa ya wuce ta kansu ko gezau, to wannan sai kati ko reza. Mai dogon zare ana naɗe ta da buroshi a ja. Mai baƙin gashi tsiri-tsiri da ke kama kusurwoyi da bakin filta tana da naci, sai kankara.

Akwai wata mai yauƙi, launinta tsakanin shuɗi da kore, mai wari, tana ɓantarowa falle-falle. Ita a gaskiya ƙwayoyin bakteriya ne. Kada a dirje ta ta watse cikin ruwa, a sa mesa a zuƙe ta kai tsaye. Masu tankin ruwan gishiri kuma suna da tasu, mai launin hoda ko shunayya, mai tauri saboda alli da ke jikinta. Ita ba ta jin soso sam.

Mataki na 2: Shirya kanka da wurin

Cire zobe, agogo da awarwaro. Dutsen zobe yana zana gilashi da shafa ɗaya, kuma hannu a cikin ruwa ba ya lura. Wanke hannu har gwiwa, ka ɗauraye sosai yadda ba sauran sabulu, mai ko turare. In kana da yanka ko ƙuje a hannu, sa safar hannu, domin ruwan tanki kan ɗauki wata ƙwayar cuta mai suna Mycobacterium marinum da ke shiga ta rauni ta haifar da ƙurji mai wuyar warkewa.

Zare wayar hita, wato na'urar ɗumama ruwan tanki, da ta filta daga soket. Hita mai zafi in ruwa ya janye ya bar ta a iska tana iya fashewa, don haka ka ba ta kamar minti 15 ta huce a cikin ruwa kafin ka fara rage ruwan. Kashe filta kuma yana sa ruwa ya tsaya cak, yashi ya daina yawo. Ɗauke murfi da fitilar sama ka ajiye gefe inda ba za su faɗa ruwa ba. Shimfiɗa tawul, ka cika bokiti ɗaya da ruwan da ka ɗebo daga tankin, na ɗauraye soso.

Kifin ka bar su a ciki. Farautarsu da raga ta fi goge bangon firgita su.

Mataki na 3: Janye yashi daga jikin bango

Da yawa sukan tsallake wannan, alhali shi ne matakin da ke ceton gilashi. Sa yatsa ko gefen kati ka tura yashi ko tsakuwa baya daga bangon gaba da na gefe, kamar santimita 2 zuwa 3. Turawa za ka yi zuwa tsakiyar tanki, kada ka ja yashin ta jikin gilashi. In akwai duwatsun ado da suka jingina da bango, ɗaga su sama a cire, ba a ja su.

Sai ka jira ruwa ya kwanta, minti 5 ko 10. Muddin kana ganin ƙurar yashi na yawo a hasken tocila, kada ka fara. Daga nan za ka gane dalilin da ya sa ake goge bango kafin a taɓa tsakuwar ƙasa da mesa. Wanda ya fara da tona tsakuwa ya cika ruwa da yashi, sannan ya ɗauki soso, shi ya haɗa wa kansa sanfefa da hannunsa.

Mataki na 4: Shafar farko da soso

Jiƙa soso, ka fara daga sama ka gangaro, layi-layi a miƙe, kowane layi ya ɗan hau kan na baya. Kada ka yi ta murzawa a zagaye. In tsautsayi ya sa yashi ya maƙale, miƙaƙƙen layi zai bar zane guda, murzar zagaye kuwa sai ta cika wurin da zane ko'ina. Tsaya kamar santimita 3 kafin ka kai ƙasa, wannan ragowar tana da nata mataki.

Ba a dannawa da ƙarfi. Abin da bai fita da shafa biyu ko uku ba, ba na soso ba ne, bar shi. Bayan kowane layi biyu ko uku fito da soson, ka matse shi a bokiti, ka shafa fuskarsa da yatsa ka ji ko akwai tsakuwa. Kunne ma yana aiki a nan. Soso mai tsabta ba ya ƙara a jikin gilashi. Da ka ji wani ƙuruss ko ɗan kaushi a hannu, ɗaga nan take, kada ka ƙarasa layin.

Magogin maganaɗisu yana da daɗi saboda ba ka jiƙa hannu, amma shi ne gwanin ɓoye yashi, domin fuskar da ke aikin ba ka ganinta, hannunka kuma ba ya jinta. Wasu yashin ma, musamman baƙi, suna da ɓurɓushin ƙarfe da maganaɗisu ke tsincewa da kansa. Don haka duba fuskarsa kafin ka sa shi, kada ka kai shi kusa da ƙasa, kuma in na cikin ya suɓuce ya faɗi kan yashi, kada ka janyo shi da na wajen ta jikin gilashi. Sa hannu ka ɗauko shi ka wanke. Na zamani da yawa sukan taso saman ruwa in sun rabu, irinsu sun fi. A sayi wanda ya dace da kaurin gilashin: mai rauni zai yi ta faɗuwa, mai ƙarfi fiye da kima kuma yana matse duk abin da ya shiga tsakani. Dabara ɗaya da nake so ita ce sa siririn yankin audugar filta tsakanin magogin ciki da gilashi, a yar da ita bayan an gama. Kuma kada a bar shi manne a tanki kullum, don yaro na iya zuwa ya ja shi har ƙasa.

Mataki na 5: Kankare masu tauri

Yanzu da mai laushin ta tafi, ɗigo-ɗigon masu naci za su fito fili. Fara da kati ko da tankin gilashi ne, sau da yawa yana wadatarwa. Shafa bakinsa da yatsa ka tabbata ba shi da tsaga, ka kwantar da shi, ka tura gaba da gajerun turi. In bakin ya dakushe ko ya yi kaushi, juya ɗaya gefen ko ka canza kati. A tankin akirilik iyakarka nan: kati ko makankarin roba, da haƙuri.

In gilashi ne kuma kati ya gaza, sai reza. Riƙe ta a karkace kamar yadda mai aski ke kwantar da aska a kan fata, tsakanin digiri 30 zuwa 45, bakinta gaba ɗaya ya zauna a kan gilashi daidai wa daida. Tura gaba, ɗaga, dawo, sake turawa. Ba a jan ta da baya tana manne da bango, saboda a lokacin ne datti ke shiga ƙarƙashin baki. Ba a kuma zame ta gefe a kan tsawon kaifinta, wannan yanka ne. Abin da ke zana gilashi a jikin reza shi ne kusurwarta in an karkata hannu, ko baki mai tsatsa ko wanda ya ɓantare. Reza ba ta da tsadar da za a yi mata tattali, duk wadda ta kwana a jiƙe a yar da ita inda hannun yaro ba zai kai ba.

Ka nesanta reza da silikon na kusurwa, aƙalla santimita 1. Wannan gam ɗin shi ke riƙe da ruwan gaba ɗaya, in aka yi ta shigar da kaifi ƙarƙashinsa yana ɗagowa, wata rana sai a wayi gari tanki na yoyo. Haka nan inda gilashi ya lanƙwasa, miƙaƙƙiyar reza ba ta zama daidai, kusurwoyinta ne kawai ke taɓawa. A irin wurin a yi amfani da soso ko kati mai tanƙwaruwa. Sannan kada a taɓa kankare busasshen gilashi, ruwa shi ke sa baki ya zame.

Mataki na 6: Kusurwoyi da layin ƙasa

Kusurwa aikin buroshin haƙori ce. Bi silikon a tsaye, sama da ƙasa, a hankali. In launin kore ya riga ya shige cikin silikon ɗin kansa, ka haƙura da shi, dirza ba za ta fitar da shi ba sai dai ta ɓata gam ɗin.

Layin ƙasa da ka bari shi ne wuri mafi haɗari, shi ya sa ya zo ƙarshe. Ɗauki kati, ka ɗora bakinsa a saman layin, ka tura ƙasa sau ɗaya. Da ka kai ƙasa, janye katin daga jikin gilashi tukuna, sannan ka ɗago shi, ka kaɗa shi cikin ruwa, ka koma sama ka sake. Daga sama zuwa ƙasa kawai. Wanda ya ɗago kati yana manne da bango, yashi zai kwaso ya hau da shi. In ka gama, mayar da yashin wurinsa da yatsa a hankali. Abin da yashi zai rufe ba ya buƙatar ya yi ƙal.

Mataki na 7: Zuƙe abin da ka kankare

Duk abin da ka goge yana nan yana yawo a ruwa, kuma da ransa. In aka bar shi, sai ya sake manne wa bango. Ba shi minti 10 ya kwanta, sannan ka sa mesa ka zuƙe shi daga ƙasa zuwa bokiti na biyu, kana bin tsakuwa kana tsotse datti. Kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na ruwan ya isa. Lura da bakin mesa kada ya yi ta gogar bango, kuma ka duba bokitin kafin ka zubar, ƙananan kifi sukan bi ruwa. Don tayar da zuƙar, cika mesar da ruwa ka toshe bakinta da yatsa, ka saki a bokiti, ba sai ka tsotsa da baki ba.

In soson filta ya cika, matse shi a cikin wannan ruwan da ka zuƙo. Ruwan famfo mai kulorin yana kashe ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a jikinsa, waɗanda su ke mayar da amoniyar kashin kifi abin da ba ya kisa.

Mataki na 8: Farin layin bakin ruwa

Tun da ruwa ya sauka, za ka ga farin ɓawo a inda bakinsa yake tsayawa. Alli ne da ruwa ya bari bayan ya ƙafe. Yana da tauri, kuma kankare shi a bushe na daga cikin hanyoyin da ake ɓata gilashi. Jiƙa tsumma da ruwan khal, ka matse yadda ba ya ɗiga, ka manna a wurin na minti 10 zuwa 15. Tsamin zai narkar da allin. Goge da wani tsumman mai ruwa zalla. In babu khal, ruwan lemon tsami da aka tace yana yi, sai dai ya fi jan lokaci. Ɗigo ɗaya ko biyu in ya faɗa tanki ba abin tayar da hankali ba ne, amma kada a bari ya kwarara. A akirilik a sirka khal ɗin da ruwa rabi da rabi.

Mataki na 9: Mayar da ruwa

Sabon ruwa ya zama an sa masa maganin kulorin gwargwadon yadda aka rubuta a kwalbar, kuma ɗuminsa ya yi kusa da na tanki. Zuba shi a hankali a kan faranti ko tafin hannu don kada ya tono yashi. Sai ruwa ya rufe hita sannan a mayar da wayarta, da busasshen hannu, a kunna filta. Ruwan zai ɗan yi hazo na wasu awoyi, zai washe.

Mataki na 10: Bayan gilashi da kayan aiki

Wajen tanki tsumma mai laushi da ruwa ya ishe shi, ko ɗan khal in akwai tabon yatsu. A tsumma ake zubawa, ba a fesa komai a saitin tanki. Akirilik ba ya shiri da amoniya ko sifirit, suna sa shi tsattsagewa ƙanana-ƙanana, kuma ba a goge ƙurarsa a bushe. Wanke soso, kati, buroshi da magogi, ka shanya, ka ajiye su wuri ɗaya daban da kayan kicin.

In tsohon tanki ne babu kifi a ciki

Wanda ya samu tankin da ya daɗe a ajiye, gansakuka ta bushe ta yi kanta a jiki, kada ya fara da kankara. A ɗauraye duk yashin da ke ciki tukuna, sannan a cika shi da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba don kada gilashi ya tsage, a bar shi ya kwana. Wurin da alli ya kama a kwantar da tankin a kan tawul, a zuba khal ya rufe wurin na ɗan lokaci. In ana son kashe komai da komai, bilic zalla marar ƙamshi, kashi 1 cikin kashi 19 na ruwa, na minti 15, sai a yi ta ɗauraya, a sa maganin kulorin a ruwan ƙarshe, a shanya har warin ya tafi gaba ɗaya. Kada a kuskura a haɗa bilic da khal, haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai guba. A gama da ɗaya, a ɗauraye sosai, sannan a taɓa ɗayan.

In karcen ya riga ya faru

Ja farce ta kansa. In farce bai maƙale ba, zanen sama-sama ne, kuma sau da yawa in tanki ya cika da ruwa ba a cika ganinsa ba. Irin wannan a gilashi ana iya rage shi da garin goge gilashi mai suna seriyom oksayid, amma sai an kwashe komai daga tankin, aikin kuma yana cin lokaci. In farce ya maƙale, shawarata a juya tankin, gefen mai zane ya koma bango. Akirilik a nan ya fi gilashi sauƙi: ana sayar da saitin sanfefa masu laushi ƙwarai, ana bi daga mai ɗan kaushi zuwa mafi laushi har zanen ya ɓace.

Rage yawan dawowarta

Bangon da ake shafawa da soso sau ɗaya a mako, ranar canjin ruwa, da wuya ya kai ga buƙatar reza, domin ɗigon nan masu tauri sai sun samu makonni suke kafuwa. Fitila awa 6 zuwa 8 a rana ta isa, kuma na'urar kunnawa da kashewa da kanta ta fi dogaro da tunani. Tankin da rana ke dukansa kai tsaye ta taga ba zai rabu da kore ba, sai an matsar da shi ko an sa labule. Abinci a ba kifi abin da za su cinye cikin minti 2 zuwa 3, ragowar taki ne ga gansakuka. Tsirrai masu rai suna taimakawa, don suna rige ta shanye abin da ke cikin ruwan.

Koriyar nan mai laushi da ke dawowa kwana biyu bayan an goge tana da wata dabara da masu tankin tsirrai ke yi: a ƙyale ta kwata-kwata na mako 3 zuwa 4 har ta tsufa ta fara saki da kanta, sannan a rage ruwa sosai, a goge da audugar da za a yar, yadda ba za ta koma cikin ruwa ba. Kallon tankin a makonnin nan ba daɗi, amma sau da yawa tana yin aiki.

Akwai kuma masu taya aiki. Dodon koɗi irin nerit yana cikin ƙalilan da ke iya cin ɗigon nan masu tauri, kuma ba ya hayayyafa a ruwan da ba gishiri, sai dai yana barin fararen ƙwai manne a jikin itace da duwatsu. Ƙaramin kifin otosinkulus, wanda bai wuce santimita 5 ba, gwani ne a kan gansakukar nan mai laushi mai launin ruwan ƙasa, amma a rukuni yake rayuwa kuma ba ya jure sabon tankin da bai zauna ba. Kifin filako na gama-gari kuwa, wanda ake sayarwa yana ɗan ƙarami da sunan mai share gilashi, yana girma ya wuce santimita 30, kashinsa kuma ya fi abin da yake sharewa. In dai ana son danginsa, a nemi ansisturus mai gashin baki, wanda ke tsayawa wajen santimita 12 zuwa 15. Duk wanda ya ajiye irin waɗannan, ya goge gaba da gefe kawai ya bar musu bangon baya su yi kiwo, ya kuma riƙa ƙara musu abinci mai nutsewa in bangon ya yi fayau.